Zabon Inna

A gidanmu na Gafasa, bayan randa, Inna tana da zabo a cikin fasasshiyar tukunya. Tsiro ne gajere, ganyensa mai kauri da ɗigo-ɗigo, rani da damina kore shar. Matan unguwa kan zo su yanki ganye idan za su yaye yaro, su shafa ɗacinsa a nono. Da shi aka yaye ni.

Inna ta rasu a shekarar babban fari, ina goyon 'yata ta fari. Ban yi kuka ba. Ana ta shigowa gaisuwa, ni kuwa ina amsawa kamar wadda aka aika. Da aka yi sadakar bakwai aka ce in ɗauki abin da nake so, sai na ɗauki tukunyar nan, na rungumo ta a motar kasuwa har Gaya. Niyyata ɗaya, in yaye 'yata da shi.

Lokacin rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an yi sammako ake samun guga biyu. Duk da haka safe da yamma nakan cika buta in tuttule masa. Maigidana ya ce ko shi ba ya samun wannan gata. Ban yi dariya ba, ban kuma ji haushi ba. Da ganyen ya fara yin rawaya sai na ƙara masa ruwa.

Bayan wata biyu Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo duba ni. Ta tsuguna ta latsa gindinsa, yatsanta ya nutse.

“Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana shayar da zabo kamar jaki? Uwarki ragowar ruwan alwala take ɗiga masa, shi ma sai Juma'a.”

Shekara ashirin ina wucewa ta gabansa, ban taɓa lura ba. Na kama shi zan gyara masa zama, sai ya biyo hannuna, ba saiwa ko ɗaya, sai wari.

Da ɓawon maɗaci na yaye yarinyar, ta yi kukanta na kwana uku ta haƙura. Tukunyar kuwa ban jefar ba. Washegarin zuwan Goggo na tashi na cika buta kamar kullum, sai da na isa gabanta na tuna. Na daɗe a tsaye da butar a hannu.