Kunnen Kaka da Kunnen Mama

Kaka ta iso unguwarmu Lamorde da ke Yamai a bayan kamiyo, babbar motar kaya, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa har muka koyi cin jar dawar taimako. Daga ƙauyenmu na wajen Dogondutsi ta taso. Awakinta sun mutu, rumbunta ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gaji suka tashi. Abin da ta sauko da shi ƙullin zane ne, da wata tsintsiyar ciyawa da ba ta yarda a yi shara da ita, da ɗan kunne guda na azurfa a kunnen dama. Ɗan'uwansa ta bayar a hanya aka auna mata hatsi. A hujin hagu tsinke ta soka.

Tun kafin ta sha ruwa ta kama haɓata, ta juya kaina hagu da dama kamar mai tayin tunkiya.

"Wagga ɗiya ce ko ɗa?" ta tambayi Baba. "Ina kunnenta?"

Kunnena yana nan, biyu ma, sai dai ba huji, ga shi ina ajin ƙarshe a lekol, makarantar firamare. Baba malamin majami'a ne, kuma waɗanda suka koya masa karatu sun gaya masa irin wannan ado son duniya ne. Ya daɗe yana riƙe da maganar. Amma mutum ba ya iya ce wa uwarsa a'a a lokacin da ta rasa awakinta duka. Ya ce zai yi addu'a a kai. Kafin ya gama addu'ar Kaka ta zura zare a allura.

Ba ta ɓoye abin da take so ba. Ɗan kunnen na uwarta ne, shi kaɗai ya rage mata, kuma tana so ta gan shi a kunnena da idonta. Ta faɗa a fili cewa ba ta jin za ta kai wata damina.

Mama ma'aikaciyar jinya ce a dispanser. Ta ce sai an tafasa allurar tukuna. Kaka ta ce ba ta taɓa jin an dafa allura ba sai a Yamai, ta tambaya ko da miya ake ci. Aka dai tafasa. Kaka ta murza fatar kunnen har ta mutu, ta soka, ta ja baƙin zare ta ƙulla, ta koma ɗayan. Na yi kuka daidai gwargwado.

Huda kunne ba wani aiki ba ne, jinyar ce aikin, kuma nan rigima ta tashi. A wurin Kaka mai ake shafawa, a riƙa juya zaren safe da yamma don kada ya kama nama. A wurin Mama mai ƙura yake tarawa. Abin da huji ke so tafasasshen ruwan gishiri ne da hannun da aka wanke da sabulu. Akwai alkol na wanke ciwo a dispanser, amma zamanin soja ne, shugaban ƙasa da kansa yakan faɗo ofis ba sallama. Wadda ta ɗauko ko auduga zuwa gida tana iya zuwa yin bayani gaban masu manyan takalma. Mama ba ta kawo ko ɗigo ba.

Baba ya saurari kowa ya yanke hukunci: kunne biyu ne, masu jinya biyu. Dama na Kaka, hagu na Mama. Ya ɗauki littafinsa ya fita yana jin ya yi hikima. Ni mai kunnen ba wanda ya tambaye ni.

Kullum da safe sai in zauna kan turmi, wannan ta kama nata, waccan ta kama nata, ba mai kallon na wata. Kowacce ta gargaɗe ni kada in kwanta a kan kunnenta, don haka na koyi barci rigingine. Ɗankwali ma sama da kunne nake ɗaura shi, abin da ya ba 'yan ajinmu abin dariya na tsawon lokaci.

Man shanu Kaka ta saba da shi, amma shanun sun riga awakinta tafiya. Sai ta koma ga man gwangwanin da sojoji ke rabawa tare da dawa. Ta shinshina ta ce saniyar da ta ba da wannan ba ta taɓa cin ciyawa ba, ta dai shafa. Tun ciwon yana ɗanye ta cire zaren ta soka tsinke daga tsintsiyarta, don ƙafar ɗan kunnen mai kauri ce, sai hujin ya buɗe. A ranar na san abin da ya hana shara da tsintsiyar. A bakin gonarta ta yanko ciyawar, shekarar ƙarshe da aka yi ruwan kirki.

Kunnen Mama ya bushe tsaf. Na Kaka ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya fara ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Mama ta taɓa da bayan yatsa ta ce a cire tsinken, a bar hujin ya toshe, baɗi a sake wani.

"Baɗi," in ji Kaka, kamar an ambaci garin da ba ta san hanyarsa ba.

Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ya fi mugunyar ba ni tsoro. Washegari ta ɗauko gwangwanin man ta ajiye bakin murhu ta ce a zuba a miya. Sannan ta juya wurin Mama. Tun zuwanta Madam take kiranta, da ɗan gatse a ciki. Ranar ban ji gatsen ba.

"Madam, na ba ki kunnena. Ki sa ruwanki. Tsinken dai ki bar mini shi."

Mama ta san abin da aka koya mata: ba a barin ciyawa a cikin ciwo. Ta daɗe tana kallon kunnen.

"To, Inna," ta ce.

Ta je da kanta ta karyo sabon tsinke daga tsintsiyar, ta jefa a tukunya ta tafasa shi. Kaka tana kallon ana dafa ciyawar gonarta, ba ta yi zancen miya ba. Mama ta matse mugunyar, ta sauya tsinken, ta gasa wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Haka ta riƙa yi, har da rana takan dawo a lokacin hutu cikin zafin nan don kunne guda. Kaka ce mai riƙe min kai.

Ya warke a hankali, a ɗan karkace, da ƙaramin ƙullutu a baya wanda yana nan har yau. Kaka ta cire ɗan kunnen ta sa min da hannunta. Yana da nauyi, har yana ja. Ta karyi wani tsinke ta soka a nata kunnen na dama, ta shafa duka biyun ta ce yanzu ta daidaita.

Ba ta ga ruwan farko ba. Na so tsohuwar nan ƙwarai, kuma na yi kukan da ya fi na ranar allura nesa ba kusa ba.

Bayan an watse daga zaman makoki Baba ya ce zai kai ɗan kunnen wurin maƙeri a unguwar Kalle a yi masa ɗan'uwa. Mama ta tashi. Ta wanke hannu da sabulu, ta zaunar da ni kan turmi, ta kama kunnen hagu, nata, wanda bai taɓa ba ta wahala ba. Ta sa almakashi ta yanke zaren ta zare shi.

"Mama, zai toshe."

"Na sani," ta ce. "Guda ta bari."

Ya kuwa toshe, ko tabo babu, don aikin Mama ba ya barin tabo.