Akuyar da Yayana Ya Kai Majami'a

A shekarun da suka rage kaɗan Bature ya tafi, muna zaune a wata unguwar Maguzawa kudu da Tudun Wada. Gidaje kaɗan ne suka karɓi Almasihu, namu na cikinsu. Majami'armu ɗakin ƙasa ne mai jinka, yayana kuwa shi yake baibaye ta kowace bazara, don babu wanda ya fi shi iya ɗora yanta, wato saƙaƙƙiyar ciyawar rufi. Ni aikina karatu. Na yi allo a Bebeji wurin wani malami mai haƙuri da babanmu ya yi wa noma, saboda haka ni nake karanta wa jama'a ɗan littafin bishara na ajami.

Wani rani ƙyanda ta kama ɗan yayana har ya daina karɓar nono. Gwaggonninmu, waɗanda ba su bar al'adar kakanni ba, suka tasa yayana a gaba da kuka. Ya ja baƙin bunsuru zuwa gindin tsamiya ya yanka wa iskokin gida. Yaron ya tashi. Amma daga ranar yayana ya daina shiga majami'a. Ran Lahadi sai ya zauna a kan kunya a gefen gonarsa, inda waƙa take iso shi. In na yi masa magana sai ya ce hannun da ya yanka wa iska ba ya taɓa ɗakin Allah.

Bazara ta shigo, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, jinkar majami'a kuwa duk ta zube ta gefe ɗaya. Wata safiya yayana ya ce in raka shi wurin mai bishararmu, wani tsoho mutumin wajen Doguwa. Na ga ya kwanto farar akuyarsa, wadda ta fi duk dabbobinsa kyau. Mun sami tsohon a ƙofar majami'a yana tufka igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka tambayi gida da mai jiki.

"Baba, ga wannan," in ji yayana.

"Ta mece ce, ɗana?"

"Ta gyara ce. Na ɓata, na zo a yanka a gyara."

Tsohon ya dubi akuyar, ya ce, "Ka ga na yi kama da sarkin fawa? An riga an yi yankan nan ranar da Almasihu ya ba da ransa, tun ba a haifi kakan kakanka ba."

"To ai laifina sabo ne, Baba."

"Shi ma yana ciki."

A wurin da muka taso, ba a shirya da abin da aka saɓa wa sai an zubar da jini, kuma daga garkenka. Gafarar da ba ta ci masa komai ba, yayana ya kasa yarda za ta riƙe. Tsohon bai matsa masa ba. Ya ce in karanta labarin almajirin nan da ya yi musun sanin Ubangijinsa don tsoro. Na karanta a hankali, har wurin da Ubangiji, bayan tashinsa daga matattu, ya same shi a bakin ruwa ya danƙa masa kiwon tumakinsa.

Yayana ya juyo gare ni. "Ƙane, duba da kyau. Bai karɓi komai a hannunsa ba?"

Na sake bin layin da yatsa. Na ce, "Ba komai, Yaya. Ubangiji ne ma ya ba shi abinci, shi da sauran almajirai. Tambayarsa kawai ya yi ko yana ƙaunarsa."

"Kuma ya ba shi aiki?"

"Ya ba shi."

Tsohon ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce, "Shucin rufi na nan a bayan majami'a tun watan jiya. Yaran unguwa sun gwada baibayar, sun yi mana abin da ko kaza ba za ta fake a ciki ba."

Yayana ya miƙe, ya ɗaure akuyar a jikin turke, ya naɗe hannun rigarsa. Na riƙe masa tsani. A mataki na farko ya tsaya ya dubi tafin hannunsa, sannan ya hau. Har la'asar ina miƙa masa yanta yana ɗorawa, akuyar kuma tana jan shucin tana ci, tsohon yana korarta da sanda yana cewa hadayar nan ba ta da kunya.

Da yamma yayana ya ja ta muka koma gida. Ran Lahadi ya shigo da ɗansa a kafaɗa, ya zauna a inda ya saba.