Sibin Malam Sulaiman

Ina da shagon buga takardu a Yelwa, kusa da tashar 'yan acaɓa, kuma rabin abincina daga masu neman aiki yake fitowa. Takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke kira sibi, na buga ta har ta gundure ni. Amma babu wadda ta taɓa ba ni haushi kamar ta Malam Sulaiman.

Sulaiman ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin tafki, can wajen Wara. Ya gama sakandare, ya shigo Yelwa ya kama aiki a ɗakin sanyi na Alhaji Usman, inda ake ajiye ɗanyen kifi kafin motoci su kwashe shi zuwa kudu. Ya yi shekara kusan ashirin a wurin. Duk kasuwar kifi ta san Alhaji suna ne kawai, Sulaiman ke juya komai. Shi ke jiran jirage a bakin ruwa, shi ke sasanta masunta da dillalai, shi ke lallaɓa janareta in wuta ta yi sati ba ta leƙo ba. Da Alhaji ya rasu, magada suka sayar da wurin aka mai da shi shagon siminti. Sulaiman ya koma zaman benci, ga iyali, ga furfura ta fara fitowa.

Ana haka wani kamfani ya buɗe sabon ɗakin sanyi a hanyar Shanga. Suna neman manaja mai gogewa, da mataimaki daga cikin waɗanda suka gama karatu kwanan nan. A shekarun Sulaiman, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, shi ma ya sani.

Ya zauna a gabana, na ce ya faɗa mini abin da ya yi a wurin Alhaji. Ya ce in rubuta ya yi masa hidima. Na ce wace irin hidima? Ya ce duk abin da aka sa shi. Na tuna masa shekarar da ruwa ya ci hanya, ya yi ta fitar da kifi ta jirgi har ba a yi asarar ko kwando ɗaya ba. Sai ya ɓata rai.

"Ni mi niy yi? Alhaji na yay yi komi. In ce ni na, mutum yana kabari?"

A wurinmu wanda ya ci abincin wani ba ya tsayawa ya ƙirga abin da ya yi masa, balle bayan ransa. Wasu ne ke faɗa. Na san wannan sarai, ni ma a nan aka haife ni, amma ranar ji na yi kamar in jefe shi da madannin kwamfuta. Haka na buga masa shekara ashirin a layi biyu.

A satin ne Shamsiyya ta zo, 'yar maƙwabcinsa, wadda ta karanci harkar kiwon kifi ta gama hidimar ƙasa, tana neman gurbin mataimakin. Ita ba ta da kunyar takarda. Ta sa sakamakonta, ta sa binciken da ta yi a ajin ƙarshe, ta sa 'yan watannin da ta yi tana koyon aiki a ɗakin sanyin Alhaji. A wurin masu ba da shaida ta sa sunan Sulaiman.

Mai ɗaukar ma'aikatan wata mata ce, Hannah, kuma ba zan ɗora mata laifi ba. Ta zo shagona yin fotokwafi, muka taɓa hira. Ta ce sabon ɗalibi ba ta tsammanin ya riga ya yi wani abu, tana duba ko zai iya koya ne. Wanda kuwa ya ce ya daɗe yana aiki, dole ya nuna abin da ya gyaru a hannunsa. In shekaru sun yi yawa bayani ya yi kaɗan, sai ta ɗauka zama kawai mutum ya yi. Duk da haka ta kira Sulaiman intabiyu, ta yi ta jan sa da tambaya, shi kuma ya yi ta yi wa Alhaji addu'a. Aka ba wani mutumin Kontagora manajan.

Bayan haka yana zaune a shagona wayarsa ta yi ƙara. Hannah ce, tana neman shaida a kan Shamsiyya. Sai ga bakin Sulaiman ya buɗe. Ya faɗi yadda yarinyar ke gane kifin da ya kwana ba ƙanƙara tun daga idonsa, da yadda take jera kaya don iska ta ratsa, da ranar da ta mayar wa wani dillali kifinsa ba tare da an yi faɗa ba. Ya yi bayani dalla-dalla har ni ma na bar bugun da nake yi. Hannah ta tambaye shi wa ya koya mata duk wannan, ya koma yi wa Alhaji addu'a. Ta ce ta gane shi ne, kuma ta ji ba daɗi, amma kujerar manaja an riga an ba da ita. Ya tambaya ko za su ɗauki yarinyar, ta ce za su ɗauke ta. Ya yi godiya sosai.

Ya sa wayar a aljihu, ya daɗe yana kallon acaɓa suna wucewa. Tausayinsa ya kama ni. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da ma ita sunka kira, sunka tambaye ta ni."