Faifan da Malama Ta Ba Auta Ajiya

Malama ta daɗe tana koyar da kwamfuta a sakandare, kuma kowa ya san ba ta wasa da ajiya. Ko biro ta ara maka, da murfinsa za ka dawo mata da shi. Ga ta da surutu kamar rediyo, amma abin da ta fi ji da shi a gidanta ko tari ba ya yi. Wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi kwalin sabulu ba, tana bayan kabad ɗin falo a kunne kullum, ba fanka a cikinta, wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Da hannunta ta sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gani. Takan ce ita abin da ba ya ɓoye mata cikinsa shi take yarda da shi. Mijinta kuwa cewa yake a duk gidan, akwatin nan ne kaɗai ke barin mutum ya gama magana.

Akwai hotunan yara da takardun makaranta a ciki, amma ba don su take lallaɓa shi ba. Muryar Baba ce. Mahaifinsu direban babbar mota ne, yakan daɗe a hanya, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko gida. Ya yi faɗa, ya yi waƙa da muryar nan tasa mai kama da tsohon inji, ya kira kowa da sunan tsokanarsa. Bayan rasuwarsa Malama ta ƙarar da hutu guda tana juye kaset ɗin cikin akwatin. Ba a jima ba rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya gama da kaset ɗin gaba ɗaya.

Masu wannan harka suna da ƙa'ida: kwafi na biyu ba ya zama gida ɗaya da na farko, saboda gobara ko ɓarawo. Don haka ta kwafe komai a wani faifan ajiya, ta naɗe shi a ƙyalle ruwan ɗorawa, ta kai wa ƙaninta Auta, lokacin yana shirin buɗe shagon kayan gini. Autan da ta goya a bayanta. Duk zuwan da za ta yi shagon sai ta tambaya.

"Auta, ajiyata fa?"

"Tana nan lafiya, Yaya. Ke dai ba kya gajiya."

Ita da ke wa ɗalibai faɗa cewa a riƙa gwada kwafi, ba ta taɓa cewa ya ɗauko ta gani ba. Ai ƙaninta ne.

Faifan cikin akwatin ya mutu ba wanda ya sani, tunda ko yana lafiya ba ya ƙara. Sai wata Asabar tana guga ta so jin Baba, wayar da take sauraron akwatin da ita ta kasa buɗe komai. Ta gwada duk dabarar da ta sani, faifai ya tafi. Ko a jikinta. Ta sayi sabo, ta wuce shagon Auta har tana raha.

Auta ya shiga sosa ƙeya. Wai faifan yana gida. Wai makullin durowa yana wurin matarsa. Yana cikin kame-kame Malama ta ga ƙyallenta a kan tebur, duk ya yi baƙi da goge siminti.

"Auta, ina faifan?"

Ya kalli na'urar kyamarar tsaro da ke gefe, ya sunkuyar da kai.

"Mai haɗa kyamara ne ya ce sai da faifai, Yaya. Na ga kina da naki a gida. Niyyata in sayo wani in kawo ki sake juyewa."

"Tun yaushe?"

"Tun da na buɗe shagon nan."

Ba ta buƙatar bayani. Kyamara tana cika faifai ne ta koma ta rubuta a kan na baya, haka take ta yi ba tsayawa, shekara da shekaru. Babu gwanin da zai dawo da ko tarin Baba. Ranta ya ɓaci fiye da yadda ta taɓa sani, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne duk "tana nan lafiya" ɗin da ta sha, a gaban na'urar, yana kallon idonta.

"Kunna min," in ji ta.

Ya kunna, ta ja hoton baya zuwa makon jiya. Ga ta nan ta shigo da jakarta, bakinta ya motsa, Auta ya gyaɗa kai yana murmushi, ita ma ta yi dariya. Ta miƙa hannu za ta ƙara murya.

"Ba ta ɗaukar sauti, Yaya," in ji Auta.