Kiɗa na Bakwai a Dingaya

Ko da zan manta duk shekarun da na yi ina horar da malaman kiɗa da waƙa a jami'a, wata Laraba da na yi a Dingaya ba za ta fita daga raina ba.

Aikina shi ne in koya wa ɗalibai yadda za su koyar da kiɗa a firamare, sannan idan sun fita koyarwar gwaji in bi su ƙauye-ƙauye in ba su maki. Wanda ya faɗi a nan, babu shi babu takardar shaidar malanta. Aiki ne mai cin rai. Ka sha hanya ka isa makaranta, ka tarar an ba yara tsintsiya a lokacin darasin waƙa. Ka ce kai malamin kiɗa ne, a dube ka sama da ƙasa a ce, "Au, har wannan ma sai an je jami'a?" Na gaji da wannan tambaya tun kaina bai yi furfura ba.

Akwai wani ɗalibina ɗan birni, hannunsa na da daɗi a ganga, amma ga tsoron tsiya. Shekarar da ta gabata na je duba shi a Birnin Kudu, ya tsaya gaban yara bakinsa ya mutu, na kayar da shi. Wannan karon shi ne na ƙarshe. In ya sake faɗuwa, shekara huɗu ta tafi a banza.

Damina ce. Na isa makarantar Dingaya da taɓo har gwiwa, na zauna a bayan aji biyar, takardar maki a cinyata, ba abin da nake so sai a gama in tafi. Ya ce yau kiɗa na bakwai zai koyar, ya rubuta lambar a allo. Wannan lamba kuwa tawa ce. Ina saurayi na zaga gonakin ƙasar Gwaram, har da na nan Dingaya, da rakoda, ina ɗaukar gangar noma a wuraren gayya. Da na dawo na rubuta kiɗe-kiɗen a littafi, na bi su da lamba, kuma da lambar duk ɗalibaina suka haddace su.

Ya fara kiɗa, abin mamaki yau babu rawar jiki. Yara suka kama tafi daidai, har na ji ƙafata na motsi. Can sai tafin ya riƙa mutuwa daga layin gaba. Na ɗaga kai, sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, hannunta duk gari, mayafi a karkace, tana haki.

"Wa ke kiran maigidana?" in ji ta.

Hedimasta ya biyo ta da sauri, ya raɗa mini cewa wannan taken Sarkin Noman garin ne, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai idan ya shiga gona. Tun da ya rasu makaɗan garin suka ajiye shi, ba wanda ya ƙara taɓawa. Wannan matar marigayin ce, gidanta na bayan katangar makaranta.

Aji ya rikice, gular kaɗa gangar ta faɗi daga hannun ɗalibina. A ƙa'idar takardata, malamin da aji ya ƙwace masa ya faɗi. Ba zan ɓoye ba, na riga na cire murfin biro.

Sai ya durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri. A littafi na koya, ban san yana da mai shi ba."

"Littafin wa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ƙi ko kallon inda nake. Yaron da na kayar bara, shi ne yau yake rufa mini asiri. Kunya ta kama ni, na miƙe na ce, "Nawa ne, Inna."

Ta daɗe tana dubana. "Kai ne ɗan samarin nan mai rediyo? Ai ka ci tuwona ranar gayyar. Shi ne ko sunansa ba ka rubuta ba?"

Ɗalibin ne ya ɗago ya ce, "Inna, ki faɗa wa yaran nan sunansa, su san kiɗan wa suke koya."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ni in kama sunansa? Da ransa ban taɓa ba, sai yanzu?" Ta nuna wata yarinya a layi na biyu. "Ke, tashi ki faɗa musu sunan kakanki."

Yarinyar ta faɗa. Ɗalibina ya goge bakwai ɗin da ke kan allo, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Tsohuwar ta zauna a dokin ƙofa ta ce ya sake kaɗawa sau ɗaya, amma a hankali. Ya kaɗa, tana share ido da gefen zane.

Na ba shi makinsa, ya karɓi takardarsa. Yau yana Kangire yana koyar da lissafi, don an ce ba a bukatar malamin kiɗa. Ni kuwa na koma ƙauyukan da littafina ina cigiyar masu sauran lambobin. Kaɗan na samu, yawancin waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kiɗanmu ba ya zuwa shi kaɗai, kowane da mai shi. Tun daga nan ban ƙara sa wa ɗalibi hannu a takarda ba sai na tambaye shi, "Wannan da kake kaɗawa, na wane ne?" Tambayar da ni ban yi ba ke nan, ranar da nake cin tuwon mutane.