Mawaƙin masu askin tumaki

Ina tuƙi a garin Wendover, a shekarun alif ɗari tara da casa'in, 'yata Hadiza ta ce an zaɓe ta a makaranta ta karanta baitocin wani marubucin Ostareliya na zamanin mulkin mallaka.

Na ce sam, ban haifi maroƙiya ba. "Wane attajiri yake wasawa?"

"Ko ɗaya, Mama. Makiyaya yake yi wa waƙa, da masu askin tumaki."

Ta fassara mini baiti biyu, sai da na gangara gefen titi na tsaya. Mahaifina a bayan shanun mutane ya tsufa, ba wanda ya taɓa sa shi a waƙa.

Na ce ta je, amma da mayafinta.

Iyaye, kuna saurarawa kafin ku hana?