Zanen Aziza a Kan Gora

Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙuli a tashar Waca ya ci na Aziza, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar garin Kwaya ce, aure ya kawo ta, kuma katanga ɗaya ta raba gidana da nata, don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba. Mace ce marar yawan magana. Da safe ta soya gyaɗa, da rana ta matse mai, da la'asar ta zauna ta yi ta murza ƙuli tana sauraren rediyo. Abu ɗaya take ji da shi a duniya bayan 'ya'yanta: wani baƙin zanen saƙi da ta gada wurin mahaifiyarta. Ba ya fita daga adaka sai ranar suna ko Sallah.

Mijinta Wada kuwa, Allah ya shirye shi. Ya yi kiwon zabi, suka gudu. Ya yi sayar da ƙanƙara a garin da wuta ke zuwa gaisuwa ta koma. A ƙarshe ya samo talabijin biyu da na'urar wasan ƙwallo daga Magarya, ya kafa rumfa, samari suna biya suna danna manet, wato abin riƙewar nan mai maɓallai.

Bara wani kamfanin lemun kwalba ya ce zai sa gasa a rumfar don talla. Wada ya rubuta afish, wato takardar sanarwa, da hannunsa ya manna a bakin kasuwa: gasar maza zalla. Zakara zai samu riga da katan ɗin lemu. Na ƙarshe kuwa zai ɗaura zane ya zaga kasuwa, a yi mako ana kiransa ɗan daudu. Don mutane su ga da gaske ne, sai ya faki idon Aziza, ya buɗe adaka, ya ɗauko zanen nan ya rataye a kan gora kamar tuta.

Gari ya ɗauka. A fada, wurin shan shayin samari, aka ce ai wasa ne, kowa ya cika ɗaukar zafi. A bakin famfo mata suka ce tun yaushe suturarsu ta zama bulala? Dattawa suka ce namiji da kayan mata bai halatta ba, ko a wasa. Sai Sambo mai tuwon tasha, wanda tun yana saurayi ake jifansa da sunan ɗan daudu don kawai yana tuƙa tuwo da kyau, ya zo har rumfar da muciya a hannu.

"Wada, zagin da nake sha kullum ba gaira ba dalili, shi ka mayar abin talla?"

"Haba Sambo, wa ya kama sunanka?"

"Ba ka kama ba, amma tun jiya yara ke bina suna cewa na riga na ci gasar."

Ni dai na ji haushi ƙwarai. Wada kuwa daɗi kamar ya kashe shi, wai magana ta yaɗu har Dungas.

Aziza ta ce a sauke mata zanenta. Wada ya ce an riga an ɗauki hotonsa an aika wa kamfani, sai bayan gasa, kuma ai za a wanke. Za a wanke! Zanen uwarta a ƙugun wani ƙato mai warin gumi, ana ihu ana jifa da ɓawon rake. Ranar gasa ta yafa mayafi ta zo ta ce a rubuta sunanta.

"Maza zalla aka ce," in ji Wada.

"Malam, zanena ya shiga gasa, ni ce ba zan shiga ba?"

Matan kasuwa sun riga sun cika bayanta, wakilin kamfani kuma ya lura su ne masu saya wa yara lemu. Ya ce a bar ta.

Ba ci ta zo yi ba, faɗuwa ta zo yi, tunda na ƙarshe shi ke ɗaura zanen. Ta riƙe manet kamar mai riƙe da ƙwai, aka yi ta zura mata ƙwallaye tana cewa madalla. Haka har aka zo wasan fid da na ƙarshe, tsakaninta da Ammar ɗan kabu-kabu, magidanci mai gemu wanda bai taɓa cin kowa ba tun da aka buɗe rumfar.

Nan gizo ya yi saƙa. Ammar yana rawar jiki don kada mace ta ka da shi, ya juya ya zura ƙwallo a ragarsa. Aziza ta tambaya me ya faru, aka ce ita ke gaba. Hankalinta ya tashi. Ta ce bari ita ma ta ci gidanta, ta danne maɓallai duka da babban yatsan da ya saba matsar tunkuza, ƙwallo ta tashi tun daga tsakiyar fili ta faɗa ragar Ammar. Mata suka rangaɗa guɗa, ita kuwa kamar ta yi kuka.

"Don Allah ɗan'uwa ka yi ƙoƙari mana!"

"Wallahi Yaya ƙoƙarin ke nan," in ji Ammar, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Lokaci na shirin cika, ta fizge manet ɗinsa ta cusa masa nata. Aka hau gardama, aka duba afish sama da ƙasa, babu inda ya hana musanya. Aka tashi wasa, Aziza na riƙe da ƙungiyar da aka ci.

Da kanta ta sauke zanen daga gora, ta kakkaɓe shi, ta ɗaura a kan na jikinta. Ta zaga kasuwa a hankali, mata na biye da guɗa, Sambo na kaɗa ƙwarya da muciya. Ba wanda ya iya buɗe baki ya kira ta da sunan nan. Zakaran gasa yana can tsaye da rigarsa, ko mai ɗaukar hoto bai waiwaye shi ba.

Da la'asar ina shanya a bayan katanga na ji Wada ya shigo yana dariya, wai ta yi masa tallar da ba a taɓa yi ba.

"Malam," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "tun ranar da aka kawo ni gidan nan da zane nake kwana, da shi nake tashi, da shi na goya maka 'ya'ya. Ashe duk shekarun nan, a wurinka horo nake sha?"

Na matse jiƙaƙƙen kayan da ke hannuna, na ci gaba da shanya.